Waya Ce Ko Hannun Baba

Sunan da unguwarmu ta san mahaifina da shi shi ne Tsaya-Tukuna, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Mai gyaran kayan wuta ne. Ya ƙare ƙarfinsa a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai wankin hoto da mai sayar da katifa. Duk wanda ya shigo masa da fanka ko dutsen guga yana cewa, "Ai na san matsalar, ƙonewa ya yi," amsa ɗaya yake samu: "Tsaya tukuna." Sai ya karɓi abin, ya juya shi, ya sunsuna bayansa, ya bi wayar da yatsunsa tun daga fulogi har inda ta shige ciki. Mai kaya yana tsaye yana duba agogo, Baba ko a jikinsa.

Dokarsa ɗaya ce, kuma mun haddace ta tun ba mu san amfaninta ba. Kafin ka kwance abu, sauya masa soket. Wato a fara da gwajin da ya fi sauƙi, a sauya abu ɗaya kawai, a ga me zai faru. Ko rediyon ɗakinmu ne ya yi shiru muka kawo ƙara, ba ya ɗago kai. "Kun sauya soket?" In ba mu sauya ba, to mu koma.

Ni ce 'yarsa ta biyu, kuma ban gaji komai na wannan haƙurin ba. Gaggawa yake kirana, tun ranar da na tafi makaranta da takalmi a hagunce ban lura ba sai da aka tashi. Da na girma na zama mai koyar da tuƙin mota, ya yi dariya har da hawaye, ya ce an ba wa mutane malamar da za ta kai su lahira da wuri. Bai taɓa shiga motata ba face ya damƙe maƙalin nan na saman ƙofa, kuma kowace mahaɗar hanya muka tunkara sai na ji, "Tsaya tukuna, tsaya tukuna." Ina jin haushi, ina kuma rage gudun.

Wannan kalmar tasa ce ta kusa halaka shi. Wata safiya a shago sukundireba ta faɗi daga hannunsa na hagu, ya sunkuya ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Mai katifa ya leƙo ya ga bakinsa ya ɗan karkace, ya ce su tafi asibiti. Baba ya ce a tsaya tukuna, wataƙila kwanciya ya yi a kan hannun. Ya zauna a kan bencinsa yana jiran abin ya wuce, har rana ta yi tsaka. Lokacin da aka kai shi, ɓarin jikinsa na hagu ya riga ya shanye. Likitar da ta duba shi ba ta ɓoye mana ba, ta ce wannan jiran shi ne ya ci hannun. Ranar sallama kuwa ni ta kalla, ba shi ba, ta ce, "In hannun ya sake yin nauyi, ko ya daina ji, ko baki ya karkace, kada ku jira komai. Ko ya ce ku jira, kada ku jira."

Ƙafar ta dawo da wuri. Hannun ne ya yi gardama. Ji ya dawo masa a hankali, har ya zama yana bambance kofin ruwan zafi da na sanyi da idonsa a rufe, amma ƙarfi babu. Mai gashin ƙashi ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, Baba ya cilla ta ƙarƙashin gado ya ce shi ba jariri ba ne. An rufe shago. Mutumin da bai san zaman banza ba ya koma zaman falo, yana kallon bango, yana yi wa Umma faɗa a kan ƙarar cokali.

Yayana ne ya gano bakin zaren. Ya je wajen masu gwanjo ya sayo wani jirgin ƙasa na wasa a cikin tsohon kwali, da layin dogonsa guntu-guntu, da taragu, da 'yar gada ta roba, da ƙaramin taransifoma. Da gangan ya zaɓi wanda ba ya aiki. Ya ajiye kwalin a gefen kujerar Baba ya ce, "Na saya wa yara, ashe matacce ne. Gobe zan zo in zubar." Ya san Baba ba zai iya kwana ɗaki ɗaya da mataccen inji ya bar shi ba. Kafin mako ya zagayo, teburin cin abincin Umma ya zama tashar jirgi, muka koma cin abinci a kan cinya.

Rimot ɗin jirgin ba irin na talabijin ba ne. Ɗan akwati ne ruwan toka, girman sabulun wanki, da doguwar waya mai jijiya biyu, ja da baƙa, wadda ta sauka zuwa taransifoman da ke ƙarƙashin tebur. Asalinsa abin murɗawa ne da shi, a murɗa a ajiye, jirgi ya yi ta zagaye. Baba ya cire wannan, ya sa maɓalli, ya cusa masa sifirin mai tauri da ya ciro daga wani tsohon kwaɗon ƙofa. Jirgin ba ya motsi sai an danne maɓallin har ƙasa, kuma ana sassautawa zai tsaya. Da babban yatsansa na hagu kaɗai yake dannawa. Ranar farko jirgin ya yi tafiyar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, Baba yana gumi kamar ya ɗauki buhu. Daga baya ya kai gada. Ranar da ya zagaye teburin ya dawo tasha ba tare da ya tsaya ba, Umma ta kira ni a waya tana kuka tana dariya, na kasa gane ko wani ne ya mutu.

"Wannan ba wasa ba ne," in ji Baba ga duk baƙon da ya yi murmushi. "Mitar hannuna ce."

Saboda haka ranar Asabar ɗin nan da hantsi, ina zaune a gefen wata ɗaliba da ke ƙoƙarin koyon ribas, Umma ta kira ta ce da ƙaramar murya, "Zo. Jirgin yana tsayawa." Wani da zai ji wannan maganar sai ya yi dariya. Ni kuwa na san hannun take nufi. Na sauke ɗalibar a bakin titi na ba ta haƙuri, ban ma san me na ce mata ba.

Na same shi a zaune gaban tebur da tsumma da kwalbar sifirit, yana goge layin dogo guntu bayan guntu. Bakinsa na fara kallo. A miƙe yake. Na gaishe shi don in ji muryarsa, ya amsa sarai, babu nauyin harshe.

"Wa ya kira ki?"

"Wucewa nake yi."

"Wucewa, da takalmi ba a ɗaure ba." Ya harari ƙofar kicin, inda Umma ta tsaya da tawul a hannu tana goge farantin da ya daɗe da bushewa. "Datti ne a kan layi. Ku mata ba ku da aiki sai tayar da hankali."

Ya ɗauki rimot ɗin da hagu ya danna. Jirgin ya tashi lafiya, fitilar goshinsa tana haske, ya sha kwana, ya nufi gada. Yana shiga bayan gadar sai ya yi tsalle kamar an ja shi ta baya, fitilar ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Ya tsaya cik. Ni jirgin nake kallo, amma da na juyo sai na ga Baba ba shi yake kallo ba. Yatsansa ya zuba wa ido.

"Baba, mu je asibiti."

"Tsaya tukuna."

Na ji kamar in kifar da teburin. Amma ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba, kuma wani ɓangare na zuciyata yana so ya zama dattin ne. Na ja kujera na zauna.

Ya bi mahaɗan layin ɗaya bayan ɗaya yana matse su da filaya. Ya gwada, jirgin ya tsaya a bayan gada. Ya ɗaga kan jirgin ya kifa shi a kan tsumma, ya goge ƙafafunsa har suka yi ƙyalli, ya zare wani silin gashi da ya naɗe a gindin ɗaya, ya nuna wa Umma kamar ya kama ɓarawo. Ya gwada, jirgin ya tsaya a bayan gada. Ya sa na durƙusa na jawo taransifoman, ya ɗora masa tsinken mitarsa, allurar ta hau ta tsaya ba ta ko girgiza ba. Ya buɗe fis, lafiya lau. Duk abin da ya wanke daga zargi, sai in ƙara kallon hannunsa, domin abubuwan da suka rage suna ƙarewa, kuma duk mun san wane ne a ƙarshen layi.

Agogon bango yana ta tafiya. Ina jin maganar likitar nan a kunnena, ko ya ce ku jira, kada ku jira. Ina kallon bakinsa, ina kallon kafaɗarsa, ina neman alamar da za ta ba ni ƙarfin in ɗauke shi da ƙarfi, ban samu ba. Hannun yana riƙe filaya, yana riƙe tsumma. Sai dai na lura duk lokacin da zai ɗauki abu da shi, sai ya kalli hannun tukuna.

A nan ne na ga abin da ya tsallake. Mutumin da ya yi shekaru yana korar mu mu je mu sauya soket, ya kwance rabin tebur, ya auna taransifoma, ya buɗe fis, amma gwajin da ba zai ci numfashi biyu ba bai yi shi ba. A ba wani hannun rimot ɗin. Ba ma sai nawa ba, nasa na dama yana nan lafiyarsa ƙalau. Tun da na shigo bai bari hannun daman ya taɓa akwatin nan ba.

"Kawo in danna."

Ya janye rimot ɗin ya ɗora a cinyarsa. "Ba ki iya ba."

"Danna maɓalli ne ban iya ba, Baba?"

"Sifirin ɗin yana da tauri. Za ki lalata min."

"To danna da dama."

Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ya ɗauki sukundireba ya fara kwance gadar robar, wadda ko waya ɗaya ba ta bi ta cikinta ba. Umma ta ajiye farantin ta matso. Ita ba ta san ja da baƙa ba, amma ta san mijinta.

"Malam, ka ba ta mana," ta ce.

"Kai ka koya mana," na ce. "Kafin a kwance, a sauya soket. Yau kuma sai ka fara da kwancewa?"

Sukundirebar ta tsaya a hannunsa. Da ya yi magana, muryar ba ta Tsaya-Tukuna ba ce, ta wani tsoho ce da ban sani ba.

"In ya tafi a hannunki fa?"

Ya ajiye sukundirebar, ya ci gaba.

"Ba zan iya komawa gadon nan ba, Gaggawa. A juya ni, a goge ni, a ba ni ruwa a cokali. Ummanku ta riƙa ɗaga ni da bayanta mai ciwo." Ya shafa akwatin da ke cinyarsa. "Muddin ban ba ki ba, to waya ce."

Tsoro ya kama ni irin wanda bai kama ni ba ko ranar da aka kwantar da shi, domin ranar ban ga tsoro a fuskarsa ba. Na miƙa hannu na bar shi a miƙe. Ya kalle ni, ya kalli Umma, sannan ya ɗora mini rimot ɗin a tafin hannu. Da ɗumin cinyarsa a jiki.

Na miƙe tsaye na danna. Sifirin ɗin da gaske yana da tauri, sai da na sa ƙarfi, na yi mamakin yadda ya yi watanni yana fama da shi. Jirgin ya tashi, ya sha kwana, ya nufi gada. A raina ina roƙon ya tsaya. Ban taɓa roƙon abu ya lalace ba sai ranar. Ya shiga bayan gada, ya fito ta ɗaya gefen da fitilarsa tar, ya dawo tasha, ya wuce. Ya sake zagayowa, ya sake wucewa. Na sandare kamar turke, na kasa ɗaga yatsana, ɗakin babu ƙarar komai sai ƙis-ƙis ɗin ƙafafun jirgi.

Umma ta sulale ta zauna a ƙasa. Baba ya ɗora hannun hagunsa a kan tebur ya buɗe shi, yana kallonsa kamar baƙon da ya ci amanarsa.

Na juya da sauri in ga inda na jefar da makullin mota, rimot ɗin yana hannuna. Ina juyawa ƙarar ta ɗauke. Jirgin ya tsaya a tsakiyar miƙaƙƙen layi, fitila a mace, yatsana kuwa yana danne har ƙasa.

"Ban saki ba," na ce. "Wallahi Baba ban saki ba, duba."

"Kada ki motsa."

Ya taso da saurin da na manta yana da shi. Ya kama wayar a daidai wuyan akwatin, inda ta fito, ya ɗan lanƙwasa ta sama. Fitila ta kawo, jirgi ya zabura. Ya lanƙwasa ta gefe, ta ɗauke. Sama, ta kawo. Gefe, ta ɗauke. Ya yi ta yi kamar yaron da ya samu makunnin fitila.

"Ja'ira," ya ce wa wayar, a hankali, da wata irin ƙauna. "A cikin roba kika karye." Ya juyo gare mu fuskarsa a sake. "Kun ga dalilin gadar? In jirgin ya shiga bayanta ba na ganinsa daga nan, sai in karkata in leƙa. Ina karkatawa wayar tana lanƙwashewa. Ke kuwa kin tsaya ƙiƙam kamar soja."

Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Umma daga ƙasa ta shiga yi wa wayar faɗa kamar tana ji, ta ce Allah ya isa tsakaninta da ita, ta hana ta karyawa tun safe. Baba ya ce in ɗauko masa ƙarfen dalma, wanda yake liƙe waya da shi, a akwatin kayan aikinsa, in jona a soket ɗin bayan kujera.

Ya yanke wayar da filaya, ya feɗe robar, ya nuna mana. Silin jan ƙarfen duk sun tsinke a ciki, saura ɗaya ko biyu sirara kamar gashi, su ne ke haɗuwa su rabu. Ya kwance bayan akwatin, ya zare guntun da ya mutu, ya murɗe sabon bakin wayar. Na ce in riƙe masa, ya ce in bar shi, yau hannun nan ya sha zargin da bai ci ba, a bar shi ya yi aikinsa. Ya kama jar jijiyar da babban yatsa da manunin hagu, ya ɗauki ƙarfen da dama, ya kai bakinsa kan dalma. Baki ya buɗe masa. Yana aiki yana tsokanar Umma, wai ta cire rai da teburinta, har tasha ta biyu zai gina a inda take ajiye tulun shayi, kuma ni zai ɗauke ni aikin direba in na yi alkawarin ba zan kashe fasinja ba.

Na san warin dalma tun ina rarrafe, da shi aka yi rigunan Baba. Abin da ya bugi hancina ba shi ba ne. Na duba. Gefen ƙarfen ya kwanta a kan manuninsa na hagu, wani siririn hayaƙi yana tashi, shi kuwa yana kallon Umma yana ci gaba da zancen tasha.

Na doke hannunsa na dama, ƙarfen ya faɗi a kan tebur.

"Ke lafiyarki?"

Yatsan kawai na nuna. Fatar ta yi fari, ta tattare, tsawon ƙwayar wake. Baba ya ɗaga yatsan kusa da idonsa. Ya taɓa wurin da yatsan dama. Ya danna. Ya mintsini bayan hannun da ƙarfi har wurin ya yi ja, yana kallo, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Malam," in ji Umma.

"Tun da na tashi da safe yake haka," ya ce, bai kalli kowa ba. "Kamar na sa safar hannu. Na ce in na samu laifin a waya, to shi ke nan, ba komai." Ya sauke hannun a hankali. "Ashe kowa da nasa laifin."

Ya sunkuya bayan kujera ya zare fulogin ƙarfen dalma, ya ɗora ƙarfen a kan mazauninsa don kada ya ƙona teburin Umma. Ban hana shi ba, bai kuma ƙara komai a kai ba. Umma ta sa masa takalmi, ta ɗauko jakar magungunansa da katin asibiti. Muka bar jirgin a tsaye a tsakiyar layi, akwatin rimot a buɗe, jar wayar tana lilo a gefen tebur.

Na zaunar da shi a gaba na ɗaura masa bel. Na sa makulli na tayar da mota. Umma tana baya tana addu'a ƙasa-ƙasa, tana kiran Yaya a waya. Da muka hau babban titi na saci kallonsa. Bai kama maƙalin saman ƙofa ba. Ya rungume hannun hagun da na dama a ƙirjinsa, idonsa a kan hanya.

Muka tunkari mahaɗar farko, babu mota ko ɗaya, amma ƙafata da kanta ta tafi kan birki, saboda shi ne a gefena kuma haka na saba.

"Gaggawa," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Yi irin tuƙinki."

Na ɗauke ƙafata daga birki na taka mota.